Gadin Maigida a Cocin Evora

Asabar, 29 ga Mayu, 1999. Ƙofar Durbi.

Yau soja suka miƙa mulki. Maza duk sun taru gindin rediyo a ƙofar gida kamar za a raba masu wani abu. Ni abin da ya dame ni daban. Yayana Alhaji Siddiq ya aiko direba daga GRA, wai in zo ɗana Sagir zai bugo waya daga Fotugal. Matarsa Fatima ta sauka, namiji, har an yi suna. Muhammadu, sunan marigayi babansu. Ba zan iya kiran sunan ba, Maigida zan riƙa ce mashi.

Na ce ma Sagir ya jikin mai jego? Ya ce da sauƙi, ya yi saurin sako zancen biza. Autana kenan, tun yana firamare in ya yi saurin canza zance akwai abin da ya fasa.

Laraba, 2 ga Yuni.

Yaya ya zaunar da ni, ya yi ta gyaran murya. Ashe Fatimar nan Kirista ce. Wai a ƙasarsu sunan gari ne, kowane gida sai ka samu Fatima, kuma coci suke zuwa.

Shekara guda ina yawo a unguwa ina cewa ko a Turai ɗana sai da ya tono Fatima ya aura. Maƙwabciyata Baraka har guɗa ta yi mani. Na ce Yaya, ka sani ka yi shiru? Ya ce, "Hajara, addini bai hana ba, ke ce za ki hana, shi ya sa."

Ban gaya ma Baraka ba. Ba yanzu ba.

Litinin, 14 ga Yuni.

Kaya: kanwa, daddawa, garin kunu, busasshen ganyen bedi (darbejiya) na wankan jego, ragowar zamzam ɗina, rigunan sanyi da bargo. Baraka ta zo ta zauna kan akwati don ta rufu. Ta ce, "Ki gaida mani Hwatima, ki ce ta riƙe azkar." Na ce to.

Alhamis, 17 ga Yuni. Evora.

Na iso. A filin jirgin Lisbon wani kare ya maƙale ma akwatina saboda daddawa, ma'aikaci kuma ya ɗaga kanwa yana juyawa. Na yi mashi bayani da Turancin da na yi shekara da shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane da shi. Ya lasa, ya ɓata fuska, ya ce in wuce.

Wanda ya ce mani Turai sanyi gare ta Allah ya isa. Garin nan zafinsa na Katsina ne a watan Afrilu. Bargo na nan a akwati yana mani dariya.

Garin kuwa yana da ganuwa da ƙofofi kamar namu, sai dai tasu ta dutse ce kuma ba wanda ya ɗebe ta ya yi bulo. Gidaje farare, lunguna ƙanana, har da shamuwa a kan hasumiya.

Maigida ja ne sosai, amma hancin namu ne. Fatima doguwa, ta rame, ta durƙusa ta gaishe ni da Hausar da aka haddasa mata. Na ba ta maki bakwai cikin goma. Sai uwarta. Gajera, baƙaƙen kaya tun daga wuya har ƙafa saboda mijinta ya rasu, tana ɗingishi. Kafin in ankara ta kama ni ta sumbace ni a kunci, dama da hagu. Sunanta Dona Lurdes. Na gwada, harshena ya ƙi. A nan cikin littafina Ludayi ce. Ba ta jin Turanci ko na gaisuwa.

Asabar, 19 ga Yuni.

Na tashi da asuba na ɗora babbar tukunya, na zuba ganyen bedi, ruwa ya tafasa yadda ake so. Na kira Fatima ta zo a gasa mata jiki. Sai ga Ludayi ta fito da hular barci, ta leƙa tukunya, ta dubi 'yarta, ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu. Ta tsaya tsakanina da yarinyar ta buɗe hannuwa.

Sagir ya fito a guje. Ya ce Dona na tambaya ko miya ce. Na ce ƙarya kake, ba haka ta ce ba. Ya ce likita ya hana ruwan zafi saboda ɗinki. Na ce wane ɗinki? Ya ce ɗan ƙarami ne, Hajiya.

An zubar da ruwan. Kunun kanwa dai Fatima ta sha, har ta ƙara.

Litinin, 21 ga Yuni.

Ina neman zanen gado a kabad ɗin Ludayi na ci karo da wata doguwar farar riga ta jarirai, mai leshi, an naɗe ta a takarda. Na san ta. Na gan ta a littafin karatu na 'yan aji huɗu: rigar da ake sa ma yaro ranar da fada, limamin coci, zai zuba mashi ruwa a ka.

Da hantsi Sagir ya tafi jami'a, Fatima ta kwanta. Sai na ga Ludayi ta sa Maigida a keken jarirai, ta ɗauki jaka da kyandir a ciki. Na zari mayafi. Ta yi mani alama in huta, na yi mata alama na huta tun a Katsina.

Coci muka je, wadda ke bakin babban dandalin garin. Na tsaya a ƙofa ina shawara. Ni Hajiya Hajara, na je Makka sau biyu. Amma keken ya shige, sai na yi bisimilla na bi shi. Sanyi a ciki kamar randa. A bakin ƙofa akwai wani kwanon dutse da ruwa, kowa na tsoma yatsa. Na shiga tsakanin kwanon da keken, ban matsa ba har ta gama kunna kyandir ɗinta.

Muddin ina garin nan ɗigo ɗaya ba zai taɓa kan yaron nan ba.

Talata, 22 ga Yuni.

Wata cocin kuma. Bangonta duk tangaran mai shuɗin zane, daga ƙasa har sama. Ba laifi, sun iya. Ruwa bai taɓa shi ba.

Alhamis, 24 ga Yuni.

Innalillahi. Yau na ga abin da ko na faɗa a Ƙofar Durbi za a ce jirgi ya taɓa mani kai.

Cocin da suke kira San Faransisko, a gefenta akwai wani ɗaki. Daga nesa na ɗauka ado ne irin na ƙwarya da ake jerawa a ɗakin amarya. Da na matsa, ƙoƙon kan mutane ne. Bango, ginshiƙi, duk ƙasusuwan bayin Allah an jera su layi-layi, an yaɓe da ƙasa. Turawa na ta ɗaukar hoto, wani ma yana cin biskit.

Na rufe fuskar Maigida da gefen mayafi ina ta ayatul kursiyyu. Ludayi ta ga bakina na motsi, ta gyaɗa kai, ta dafa mani hannu, ta ciro tasbaharta mai gicciye ta fara nata. Muka tsaya mu biyu muna ta mui-mui a gaban matattu.

Da daddare na tambayi Sagir rubutun da ke saman ƙofar. Ya ce ƙasusuwan ne ke gaya ma mai shiga suna jiran nashi. Na ce to wannan kam wa'azi ne, ko Malam Dabo na masallacin unguwa iyakar abin da zai faɗa kenan. Amma a rufe mutane mana.

Tuwo ya ƙi ciwuwa. Dama na semo ne.

Asabar, 26 ga Yuni.

Maulidi yau a gida. Nan ko alama. Na yi salati ni kaɗai a ɗaki, na tuna yadda yaran Islamiyya ke wucewa ta ƙofar gidana da sababbin kaya.

Ɗazu a coci Ludayi ta tsoma yatsa a kwanon nan, bayan ɗan lokaci ta gyara ma Maigida hula da hannun. Ban tabbata yatsan ya bushe ba. Da muka dawo na shige da shi ɗaki na shafe mashi kai da zamzam ina addu'a. Ina ɗagowa sai ga ta a bakin ƙofa ta zaro ido. Ta nuna kwalbar. Na ce, "Zamzam. Makka." Sai ta miƙo gwiwarta mai ciwo.

Na ɗiga mata kaɗan. Me zan yi? A gidanta nake.

Talata, 29 ga Yuni.

Coci nawa ne a garin nan? Ko cikin birni ba mu da masallatai haka. Ta yau a samanta an sassaƙa wasu ƙarti huɗu zaune, ba riga ba wando, sun saki ƙafafu kamar 'yan zaman kashe wando a bakin Babbar Kasuwa. Na kau da kai. Ludayi ta nuna su tana dariya, ta ce wani abu da na tabbata bai dace da tsohuwa mai takaba ba. Na danne tawa dariyar da ƙyar.

Mun wuce ta wasu dogayen ginshiƙai, Sagir ya ce na Rumawa ne tun kusan zamanin Annabi Isa. Rufi babu. Mun bi wani lungu da ya ce unguwar Musulmi ce a zamanin da. Na tsaya na duba ko zan ga alama. Wata mata ce kawai ke shanya.

Ƙafafuna sun kumbura. Duwatsun titin nan an dasa su ne don a hukunta tsofaffi. Ita ma ɗingishinta ya ƙaru, amma kullum da safe sai ta ƙwanƙwasa mani ƙofa da murmushi ta ce, "Igiraja?" Coci kenan. Wato har gayyata ta take, don ta ga ko zan gaji. Ba ta san wadda ta yi shekaru tana gadin ƙofar makaranta da bulala ba.

Abincinsu: busasshen kifi mai faɗi kamar allo, sai an jiƙa shi kwana biyu. Ta daina shigo da alade gidan tun zuwana, Fatima ce ta gaya mani. Na rubuta don adalci.

Juma'a, 2 ga Yuli.

Ba na son rubuta na yau.

Rana ta yi zafi ƙwarai. Mun fito daga coci, muka tsaya a dandali wurin wani famfo na farin dutse mai feshin ruwa. Wani fada ya zo wucewa da baƙar riga, Ludayi ta tare shi suna gaisawa, ya leƙa keken yana wasa da Maigida. Sai na ga ta ciro farin hankici, ta tsoma a ruwan, ta nufi goshin yaron. Ga fada, ga ruwa, ga farin ƙyalle.

Na daka tsawar da nake yi a filin taron makaranta. Tattabarun dandalin gaba ɗaya suka tashi. Na fizge keken na juya na kama gudu. Ban san titin gangara ba ne. Keken ya ja ni, takalmina ɗaya ya tsaya a baya, mayafi ya sauko wuya, ina ta "A'uzu billahi" mutanen da ke shan gahawa suna miƙewa. Wani ɗan sanda mai tumbi ya tare mu a gaban shagon takalma.

Baƙar mace, ba takalmi, tana gudu da jan jariri. Na fahimci yadda abin ya yi kama. Na yi mashi Turanci, ya yi mani nasu. Sai ga Ludayi ta iso tana haki, takalmina a hannunta, fada na biye da ita. Ta balbale ɗan sandan da faɗa, tana bugun ƙirjinta tana nuna ni tana cewa, "Avo! Avo!" Ashe kaka kenan. Ya cire hula ya ba ni haƙuri.

Ta durƙusa da wannan gwiwar ta sa mani takalmi a gaban mutane. Maigida ko farkawa bai yi ba.

Asabar, 3 ga Yuli.

An yi zama a falo. Sagir tafinta. Na faɗi nawa tiryan-tiryan: rigar da na gani, kwanon ruwa, fada. Ya juya ya yi ma Ludayi magana 'yar guntuwa. Na ce abin da na faɗa ya fi haka tsawo. Fatima ta ce da Turanci, "Mama, ce mata ya yi rana ce ta buge ki." Ta karɓi aikin tafinta da kanta.

Da Ludayi ta ji, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Daga baya dariyar ta koma kuka.

Ga yadda abin yake. Rigar ta Fatima ce tun tana jaririya. Tun kafin haihuwa Fatima da Sagir suka gaya ma Ludayi yaron addinin ubansa zai bi. Ta yi kukanta ta naɗe rigar ta ajiye. Hankicin jiya kuwa zufa za ta goge mashi.

Na ce to yawon cocin fa?

Fatima ta dubi Sagir, ya sunkuyar da kai. Ashe haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Jini ya ɓalle, aka yi mata aiki, ta kwana biyu ba ta san inda take ba. A barandar asibiti Ludayi ta yi alkawari, in 'yarta ta tashi za ta kai jaririn coci uku ta kunna kyandir na godiya.

Na ce uku? Mun fi goma!

Nan Fatima ta kasa riƙe dariya. Wai da uwarta ta ga kullum ina zarar mayafi ina bin ta, ina tsayawa kusa da kwanon ruwa ina motsa baki, sai ta ɗauka son coci nake. Ta ga bai kamata baƙuwa ta zo daga nesa a nuna mata uku kawai ba. Ta riƙa ƙaro wasu, tana shafa magani a gwiwa da daddare. Har ta gaya ma maƙwabta surukarta ta Afirka ta fi su ibada. Ta ukun ma, babbar, ta ajiye ta sai ƙarshe don in ji daɗi.

Na ce ma Sagir don me ka ɓoye mani zancen asibiti? Ya ce, "Saboda Yaya Rashida, Hajiya."

Rashida ita ce 'yata ta fari. Wurin haihuwa ta tafi, ita da abin cikin. Na tashi na shiga ɗaki.

Lahadi, 4 ga Yuli.

Ba wanda ya fita. Ni da Ludayi muka jera ƙafafu a ruwan ɗumi, roba ɗaya.

Talata, 6 ga Yuli.

Babbar cocin, Se suke ce mata. Tana can saman gari, ta baƙin dutse, hasumiya biyu da ba su yi kama da juna ba, kamar magina biyu ne suka yi faɗa. Fatima ta biyo mu, karo na farko da ta yi tafiya mai nisa.

Fatima ta ce a ciki akwai mutum-mutumin Nana Maryamu da ciki, ta dafa shi da hannu. Wurinta matan garin ke zuwa in haihuwa ta matso, kuma nan ne alkawarin ya ƙare. Na gaya ma Fatima mu ba ma sassaƙa ta, ba ma roƙon kowa sai Allah, amma sura guda gare ta a Alƙur'ani, har da naƙudarta a gindin dabino. Ta fassara. Ludayi ta ce dabino? Ba a gaya masu wannan ba. Ta ce ai gara dabino da ɗakin dabbobin da su aka ce masu a nan ta haihu.

A bakin ƙofa ta tsaya ta miƙo mani hannun keken, wato in riƙe shi a waje in na fi so. Na duba kwanon ruwan. Na duba ta. Na ciro Maigida na sa mata a hannu na ce ku je.

Na zauna a tsakar gidan cocin, inda itatuwan lemo suke, na ciro tasbahata. Na gode ma Allah da ya tashi kafaɗar 'yar mutane. Na yi ma Rashida addu'a. Sun daɗe. Da suka fito ban taɓa kan yaron don in ji ko da danshi ba. Hannuna ya so, na riƙe shi.

Daga nan wai sai mun hau rufin. Matakala ce mai murɗewa, ƙunci kamar rijiya. Fatima ta zauna da yaro a ƙasa. Ludayi a gaba, ni a baya ina tura ta, tana kiran waliyyanta ina kiran Allah. A sama iska, jajayen rufuna, ganuwa ta zagaye gari, bayanta fili fetal har iyakar gani, ciyawa ta bushe kamar hanyar Jibiya kafin ruwa ya sauka. Ta nuna wani gefe da itatuwa dogaye, ta nuna baƙar rigarta. Maƙabarta, mijinta. Na nuna gabas ta kudu na ce nawa yana can. Ina ji ta gane.

An haife ni kusa da hasumiyar Gobarau ban taɓa hawa ba, na zo na hau ta wasu.

Laraba, 21 ga Yuli.

Gobe tafiya. Na bar ma Fatima kanwa da garin kunu, na bar ma Dona Lurdes bargon, tunda sun rantse ana sanyi a Disamba. Ta ba ni man zaitun da wannan kifin mai kama da allo. Sagir na ta murna ya ga an rabu lafiya. Na ja mashi kunne a kan sallar yaro in ya girma, da kuma ƙaryar tafinta.

Maigida ya yi mani murmushi yau. Dona ta ce iska ce a cikinsa. Ba iska ba ce.

Litinin, 2 ga Agusta. Ƙofar Durbi.

Gida. Damina ta zauna, gari ya yi kore, ko'ina fastocin 'yan siyasa da ruwa ya jiƙa. Mata sun cika ɗaki 'yan sannu da zuwa. Na ba da labarin ɗakin ƙasusuwa har muryata ta dushe. Na gudu da keke ban bayar ba.

Na gaya masu gaskiyar Fatima. Baraka ta ce, "To Allah shi kyauta. Ita uwar tata hwa? Ina hwatan ba ki bari tana taɓa mamu yaro da hannun nan nata ba."

Na ji raina ya ɓaci, ban san dalili ba. Na ce jikanta ne, Baraka, kamar yadda yake nawa. Na tashi na ce zan yi alwala, alhali da alwalata.

Lahadi, 8 ga Agusta.

Na je GRA gidan Yaya, na ce a bugo mani Fotugal in ji lafiyar Maigida. Sagir ya ɗauka, ya ce yaro lafiya, Fatima ta yi ƙiba. Ya ce shi kenan, Hajiya? Na ce tsohuwar tana kusa? Ya ce in tsaya ya fassara. Na ce ba ka iya ba, miƙa mata kawai.

Ta karɓa da ihu. Na tambaye ta gwiwa, na gaya mata an yi ruwa jiya har katangar Baraka ta faɗi, na ce kifinta na jiƙa shi kwana biyu amma har yanzu gishiri ya yi yawa. Ita ma tana ta zuba nata, ta yi dariya a inda ya kamata, ni ma na yi a inda nake ji ya kamata.

Da na ajiye Yaya na tsaye yana kallona. Ya ce, "Hajara, yaushe kika iya yarensu?"

Na ce ban iya ba. Lafiyar yaro na kira in ji.

Na ce ma direba ya dawo ya ɗauke ni Lahadi mai zuwa.